Ɗan Aiken da Na Tura wa Farfesa

Ranar Litinin ce, a farkon watan Oktoba, shekara ta biyu bayan an gama yaƙin basasa. Da misalin ƙarfe goma na safe ina tsaye a wata babbar tashar jirgin ƙasa a birnin Landan. Waɗanda ke wurin su ne ni, da akwatina, da jakar takarduna, sai wani baƙar fata mai kwat da laima da ya ce sunansa Mista Kol. Sauran duk Turawa ne masu sauri, ba mai duban wani.

Na baro aikin fassara da karanta labarai a wani gidan rediyo a Kaduna. Na baro matata Hauwa da 'yarmu a gidan mahaifina, a unguwar Madaki cikin garin Gombe. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnatin jiharmu tana tura mutane karatu ƙasashen waje, ni kuma na samu gurbi a wata jami'a a arewacin Ingila, in karanta dangantakar ƙasa da ƙasa da sha'anin tsaro. Sharaɗin a fili yake. Shekarar farko ta gwaji ce. In malamin da ke duba aikina ya ce na cancanta, in zarce zuwa digirin dakta. In ya ce a'a, tallafi ya yanke, in koma gida, kuma kujerar da na bari a rediyo an riga an ba wani.

Mista Kol shi ya fara yi mini magana. "Sannu da zuwa, Malam. Ina gajiya?"

Hausarsa irin ta bariki ce, amma dai Hausa ce, kuma ita ce ta farko da na ji tun da na sauka daga jirgin sama. Ya ce ya zauna a Jos. Ya tambaye ni garinmu, na gaya masa. Ya ce, "Gombe! Yaya auduga bana? Yaya Baba, yana nan da ƙarfinsa?" Sai na saki jiki. A wurinmu wanda ya gaishe ka, ya tambayi mutanen gida, naka ne har sai ya nuna maka ba haka ba.

Ya ce layin sayen tikiti yana da tsawo, in je in shiga, shi zai riƙe mini akwati. Da na dawo da tikiti a hannu, ba shi ba akwati. A ciki akwai rigunan sanyin da na saya a Kaduna, da babbar rigata, da kilishi, da ƙullin kuka da daddawa da mahaifiyata ta ɗaure da hannunta.

Ɗan sandan tashar ya saurare ni yana rubutu. Ya ce, "Ka san mutumin?"

Na ce, "Ya gaishe ni."

Ya ɗago ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya rubuta wannan ma.

A cikin jirgi na zauna daura da wata tsohuwa. Sanyi yana shiga ta 'yar kwat ɗin da ke jikina, ina ƙoƙarin ɓoye rawar ɗari, haƙorana suna tona mini asiri. Ta ajiye jaridarta, ta kwance mayafin ulu daga wuyanta, ta miƙo mini. Na ce na gode, ba komai. Ta ce, "Ɗana, da komai. Ɗaura." Da za ta sauka a wata tasha na kwance zan mayar mata, ta ɗaga mini hannu ta wuce. Ban san sunanta ba.

Garin da jami'ar take gari ne na masana'antu, gidajensa jajaye, duk iri ɗaya. Neman ɗaki ya ci mini ƙafa. Gida na farko matar ta buɗe ƙofa ta gan ni, ta ce an riga an kama ɗakin. Gida na biyu ma haka, alhali takardar neman ɗan haya tana manne a taga. Wani gidan ma ba a buɗe ba, labule kawai ya motsa. A ƙarshe na dace da Misis Grin, wadda mijinta ya rasu, tana da ɗaki a saman bene. Tambayarta ɗaya ce, ko ina shan giya. Na ce a'a. Ta ce, "To ka fi na baya."

Ban jima a gidanta ba watan azumi ya kama. Ban gaya mata ba, don ban ga dalilin ɗora wa mai gida nauyin ibadata ba. Sai ta riƙa ganin abincin safe yana komawa yadda ta kawo shi. Wata rana ta tare ni a ƙasan bene, hannu a ƙugu.

"Mista Sa'idu, in girkina bai yi maka ba, ka faɗa. Mijina ya yi shekaru yana faɗa, ban mutu ba."

Na yi mata bayani. Ta ce, "Ko ruwa?" Na ce ko ruwa. Ta girgiza kai kamar an gaya mata rashin lafiyar wani. Daga ranar ta mayar da abincin yamma daidai faɗuwar rana. Takan tsaya a tagar kicin tana leƙen sama, a garin da ba a cika ganin rana ba balle faɗuwarta, sannan ta ɗaga murya ta ce, "Ina jin ta tafi!"

Malamin da aka haɗa ni da shi farfesa ne, dattijo, tsohon hafsan soja a yaƙin duniya na biyu, wanda ya koma jami'a yana rubutu a kan yaƙi da iyakokin ƙasashe. Lofe ba ya barin bakinsa, ko da wuta ko babu, don haka a raina na sa masa suna Mai Lofe. Duk ranar Talata yakan tara ɗalibansa a kewayen tebur, mutum ɗaya ya gabatar da abin da ya karanta, saura su yi masa tambayoyi.

Zaman farko ya girgiza ni. Da ya shigo na miƙe tsaye, sai na ga ni kaɗai na miƙe. Can ana cikin magana wata ɗaliba mai suna Suzan, wadda ya haifi wadda ta girme ta, ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Wannan maganar taka ba ta da tushe." Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Sai na ji yana dariya, yana cewa ta kawo hujja.

Da layi ya zo kaina na shirya sosai. Aikin rediyo ya koya mini tsara magana: abu mafi muhimmanci a farko, kowane ɓangare a ba shi haƙƙinsa, ba ƙari ba ragi. Ya kuma koya mini cewa mai karanta labarai ba shi da ra'ayi. In ma yana da shi, a ƙofar ɗakin watsa labarai yake ajiye shi. Haka na gabatar da batun ƙawancen soja tsakanin manyan ƙasashe, na kawo abin da waɗannan suka ce, da abin da waɗancan suka ce, na rufe takarda.

Mai Lofe ya ce, "Mun ji labaran duniya, Mista Sa'idu. Kai me ka gani?"

"Yallaɓai, masana sun kasu biyu."

"Na san sun kasu biyu. Da ni aka yi rabon. Kai kana ina?"

"Abin da Yallaɓai ya faɗa makon jiya yana da ƙarfi ƙwarai."

"Na san abin da na faɗa makon jiya," in ji shi. Ya mayar da lofe baki, ya kira na gaba.

Na fita ina ganin na yi ladabi. Haka muka yi ta yi har sanyi ya kankama.

A kasuwar garin na haɗu da Yakubu. Ina tsaye gaban mai sayar da kaji, na ji wani a bayana yana cewa, "Kai jama'a, wannan kaza ce ko tantabara?" Ban juya ba. Mista Kol ya riga ya koya mini darasi a kan Hausar da ake tsinta a hanya. Sai mutumin ya zagayo gabana, ya ƙare mini kallo, ya kira ni Hamma, wato yaya, yadda ake yi a Gombe.

"Hamma, wannan tsayuwar da hannu a baya, ta mutumin Gombe ce. In na yi ƙarya ka faɗa."

Na ce, "Daga ina a Gombe?"

"Bolari, bayan tashar mota. Babana ne kafintan da ke yi wa manyan motoci bodi. In kana so in lissafa maka masu sayar da masa daga tasha har ƙofar gidanmu, sai in fara."

Ya fara ɗin kuwa, bai kai ta uku ba na miƙa masa hannu. Batangale ne, Kirista, yana karatun injiniya. Matarsa Rifkatu ma'aikaciyar jinya ce a asibitin garin. Ta girme ni kaɗan, don haka Adda nake ce mata. Duk Lahadi in sun taso daga coci sai in je gidansu, ta tuƙa tuwon garin shinkafa da miyar busasshiyar kuɓewa da ake aiko mata daga gida. Sai daga baya na gane cewa saboda ni suka daina sayen nama a shagon kusa da su, Yakubu yake hawa bas zuwa wurin wani mahauci ɗan Pakistan. Ba wanda ya gaya mini, a takardar da aka naɗe naman na gani.

Bayan hutun Kirsimeti Mai Lofe ya zo zaman Talata da taswira. Ya ce yana rubuta littafi, yana so mu ji wani babi. Ya shimfiɗa taswirar, sai na ga ƙasarmu ce, da Kamaru, da Chadi. Ya bi kan iyaka da gindin lofensa tun daga Yola har tafkin Chadi, yana nuna 'yan wuraren da ake da shingen kwastan ko sansanin soja. Tsakaninsu tafiya ce mai nisa.

"Nan zuwa nan," in ji shi, "fili ne kawai. Ba soja, ba ɗan sanda, ba mai tsaron kowa. Wanda ya ga dama ya shiga, wanda ya ga dama ya fita, ba wanda zai sani."

Wannan filin na san shi da ƙafata. Mahaifina bafatake ne, yana kai tufafi Mubi da Garwa da Marwa, ya dawo da shanu. Ina makaranta nakan bi shi lokacin hutu. A duk garuruwan nan baƙo ba ya kwana sai yana da fatoma, wato mai masaukin da ke karɓar fatake, ya adana kayansu, ya kuma tsaya musu a gaban hukuma. In baƙo ya yi ɓarna, fatomansa ake kamawa. Kafin baƙo ya gama wanke ƙafa, mai unguwa ya san sunansa da garinsu da abin da ya kawo. Na taɓa ganin an sace shanu an ƙetare iyaka da su, masu bin sawu suka bi har wani ƙauye a can ɓangaren, jauron nan, wato dagaci, ya aika wa jauron can, aka dawo da shanun ba tare da an ga ko hular soja ba. Wurin da Farfesa ya kira fili, ni ban taɓa zuwa inda ake sa wa baƙo ido kamarsa ba.

Duk wannan yana bakina. Ban faɗa ba.

A gidanmu ƙarami ba ya gyara wa babba magana a gaban mutane. Ko su biyu ne ma, da wuya. Akwai hanyar da ake bi. Sai ka nemi tsaransa, wanda suke cin abinci tare, ka je ka gaishe shi, ka gaya masa abin da ka gani. Shi kuma ya jira lokacin da ya dace, ya sako maganar cikin hira kamar tunaninsa ne. Babba ya gyara, girmansa bai taɓu ba, ba wanda ya san daga ina gyaran ya fito. Haka na ga ana yi wa mahaifina, kuma haka shi ma yake yi wa na gaba da shi. Ina ganin darajar Mai Lofe, ba na so littafinsa ya fita da kuskure. Don haka na shiga neman tsaransa.

Ban sha wahala ba. Akwai wani malami a sashenmu, Dakta Bel, shi ma mai furfura. Kullum da hantsi nakan hango su biyu a ɗakin shan shayin malamai, a tebur ɗaya, kujera kusa da kujera. Na ce wannan shi ne amininsa.

Na same shi a ofis. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi aiki, na tambayi sanyi. Ya dubi agogo. Sai na shiga magana. Tun ban yi nisa ba na ga ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

"Ka gaya masa wannan?"

"A'a, Yallaɓai. Shi ya sa na zo wurinka."

"Ka kyauta. Bar mini sauran."

Na fito raina fari, ina cewa ashe dattijo dattijo ne ko a ina.

Ranar Juma'ar makon gaba aka yi babban zama na sashe, malamai da ɗalibai da baƙi daga wata jami'a, Mai Lofe ya karanta babin nasa. Da aka zo tambayoyi Dakta Bel ya miƙe. Ya kawo maganar fatoma, ya kawo ta a karkace, rabi daidai rabi ba daidai ba. Sannan ya nuna ni da hannu.

"Ba ni na faɗa ba. Ga ɗalibinka can. Shi ya zo ofishina da ƙafarsa ya ce mini ba ka san wurin ba."

Duk ɗakin ya juyo. Mai Lofe ya cire lofe daga baki.

"Haka ne, Mista Sa'idu?"

Ni ban ce bai san wurin ba. Amma na je ofishin. Kuma ba zan iya ƙaryata dattijo a gaban jama'a don in wanke kaina a wurin wani dattijon ba. Na sunkuyar da kai na yi shiru. A Gombe wannan shirun yana nufin a yi mini afuwa. A ɗakin nan an ɗauke shi a matsayin amsa laifi.

Da aka tashi Suzan ta biyo ni waje. "Me ya kai ka wurin Bel? Shekara da shekaru suna faɗa a kan shugabancin sashe. Kowa ya sani."

Na ce, "Amma kullum tare suke shan shayi."

Ta ce, "Teburin nan ne kaɗai ke kusa da hitar ɗumama ɗaki."

Daga ranar Mai Lofe bai ɗaga mini murya ba, bai kuma tsawata mini ba. Da ya yi hakan da na fi samun sauƙi, don na san yadda ake karɓar faɗan babba. Gaisuwa ce kawai, gajeriya, ya wuce. A zaman Talata ya daina tambayata me na gani. In na je ofishinsa sakatariya ta ce yana da aiki. Sannan ita sakatariyar ta gaya mini cewa Farfesa yana ganin zai fi kyau in koma hannun Dakta Bel. Na je wurin Dakta Bel, ya ce shi ba ya ɗaukar ɗalibai masu bincike a kan Afirka. Ƙarshen zangon karatu yana matsowa, lokacin da kowane malami zai faɗi wanda zai zarce da wanda zai tafi, ni kuwa ba ni da malami.

Wannan shi ne lokaci mafi tsanani a tafiyar. Ƙanƙara ta rufe gari, rana ba ta kai la'asar. Ina tunanin ranar da zan sauka a tashar jirgin ƙasa ta Gombe ba digiri ba aiki, da abin da zan ce wa mahaifina, da Hauwa da ta yarda na bar albashi saboda wannan karatu. Nakan zauna a ɗaki in ɗauki jaridar Misis Grin, in riƙa fassara kanun labarai da Hausa da ƙarfi, da muryar aiki, don kawai in ji harshen a kunnena. Wata rana ta ƙwanƙwasa ta tambaya ko addu'a nake yi, kada ta kunna injin shara.

Ranar wata Lahadi, bayan mun ci tuwo, na kwashe labarin duka na gaya wa Yakubu da Adda Rifkatu. Na ƙare da roƙo. Na ce Yakubu ya sa kwat ɗinsa mai kyau, ya je wurin Farfesa a madadina, ya ba shi haƙuri.

Yakubu ya yi dariya har ya ƙware. "Hamma, kai ba ka daddara ba? Ɗan aike na farko ya jefa ka rijiya, yanzu kana neman na biyu? In je in ce masa ni wane ne? Wakilin mutanen Bolari?"

"Kai ɗan'uwana ne a garin nan. Wa zan tura?"

Adda Rifkatu ta ajiye kwanon da take riƙe da shi. "Malam Sa'idu, bari in gaya maka yadda suke. A asibitinmu in likita ya yi abin da ban yarda da shi ba, na same shi na gaya masa, wannan aiki ne. In na zagaya na gaya wa wani likita, ƙara na kai. Ni ma sai da na ƙone hannu na gane. Kai ƙarar malaminka ka kai, kuma wurin abokin gabarsa."

"Adda, girmama shi na yi."

"Shi ya sani?"

Na dubi Yakubu.

Yakubu ya ce, "Ka je da ƙafarka, da bakinka. In ya kore ka, ka dawo nan, tuwo bai ƙare ba. Amma ni kwat ɗina ta coci ce."

Washegari da safe na je na tsaya a ƙofar ofishin Mai Lofe, ban bi ta wurin sakatariya ba. Da ya iso ya gan ni, ya ɗan tsaya, sannan ya buɗe ya ce in shigo. Bai ce in zauna ba. A tsaye na yi masa bayanin yadda ake gyara wa babba a garinmu, da dalilin da ya sa na zaɓi Dakta Bel, har da maganar shayi. A nan na ga gefen bakinsa ya motsa.

Ya ce, "To in ɗalibi ya ga malaminsa zai faɗa rami, me zai yi?"

"Sai ya nemo wanda zai riƙe shi, Yallaɓai."

"Kafin ya dawo malam ya faɗa." Ya zauna, ya nuna mini kujera. "Na yarda ba cin amana ka yi niyya ba. Wannan ya wuce. Amma ba shi ne damuwata ba. Tun Oktoba nake neman in ji abin da ke cikin kanka, kana karanta mini labarai. Ranar da na fara jin kana da tunani naka, a bakin Bel na ji, kuma ya lalata shi. Wannan fanni namu maganar yaƙi ce da zaman lafiya. Wata rana wani mai mulki zai tambaye ka ko ya tura soja, kuma zai girme ka. In za ka tafi neman tsaransa, ba ka da amfani a wurinsa. Gobe Talata. Ka zo ka faɗa a gaban kowa, ka dube ni ka faɗa. In ba za ka iya ba, ba ni da abin da zan rubuta a kanka."

Ranar Talata ɗakin ya cika fiye da kullum, don labari ya zaga. Na miƙe. A rediyo in jar fitila ta kama, ko me ke damun mutum, sai ya sa ido a wuri ɗaya ya buɗe baki. Na rasa inda zan sa ido, sai na sa a kan lofensa, daga nan na ɗaga zuwa fuskarsa.

Na ce, "Yallaɓai, ban yarda da kai ba."

Na ji maganar a bakina kamar na zagi mahaifina. Ba abin da ya faru. Wani ɗalibi yana fere fensir. Mai Lofe ya ce, "Ci gaba."

Na ci gaba. Na kawo fatoma, da mai unguwa, da masu bin sawu, da jauro. Na ce taswirarsa tana nuna inda gwamnati take ne, ba inda tsaro yake ba. Na ce mutanen kan iyaka suna da tsarin sanin baƙo tun kafin a ja layin, kuma layin bai rushe shi ba. Da na shiga maganar sosai sai tsoro ya tafi, na ji ina magana kamar ina zaure.

Sai ya fara tambaya, kuma bai sassauta ba.

"In fatoma ya haɗa baki da ɓarawo, wa zai hukunta shi?"

"Kasuwa, Yallaɓai. Ba bafataken da zai ƙara sauka a gidansa, kuma labari zai riga shi zuwa kowane gari."

"Wannan ga mai bukatar kasuwa ke nan. Yanzu ka saurara. Ƙasarku ta gama yaƙi, bindigogi sun watsu a hannun mutane. Kuɗin mai yana zuwa, za a yi tituna, motoci za su yi yawa. Mutum zai ƙetare iyaka da safe da bindiga a mota, ya yi abin da ya kawo shi, ya koma kafin la'asar. Bai kwana ba, bai nemi masauki ba. Ina fatomanka a nan?"

Na duba ko'ina a kaina. Da a watan Oktoba ne da na ce masana sun kasu biyu.

Na ce, "Ban sani ba, Yallaɓai."

"Ni ma ban sani ba. Ni ina ganin tsarin nan naka zai rushe."

"Ni ina ganin zai tanƙwara, amma ba zai karye ba."

"Hujja?"

"Ba ni da ita tukuna."

Ya ƙwanƙwasa lofensa a gefen tebur, ya dubi sauran ɗalibai, ya sake dubana. "To ka samu aikin digirin dakta. Ka je ka nemo ta. In ka samo, ni za ka fara kawo wa, kuma kai za ka kawo."

Kafin ƙarshen zangon aka sanar da ni cewa na zarce. Shekarar da ta biyo baya na dawo gida yin bincike. Daga tashar motar Bolari na hau babbar mota zuwa Mubi, na bi garuruwan kan iyaka ina zama da fatomomi da jaurori da direbobi da jami'an kwastan. Da zan koma Ingila na tafi da Hauwa da 'yarmu, muka kama gida a layin su Yakubu. Bayan na gama na dawo na kama koyarwa a jami'a, a fannin tsaron kan iyaka, kuma a nan na yi aiki har na yi ritaya na dawo Gombe.

Da littafin Mai Lofe ya fito, babin yana nan, amma ya cire inda ya kira wurin fili. A kan ko tsarin zai rushe ko zai tanƙwara, bai sauya ra'ayinsa ba har ya rasu, ni ma ban sauya nawa ba. Shi ne ya sa hannu a kan digirina.